Shin Sai da Izinin 'Yan Sanda Ake Zanga-zanga, Kuma Wane Ƙarfi Doka Ta Halatta Musu?

"Barista, barka da aiki. Ni ɗan ƙungiyar ma'aikata ne, kuma mun shirya fitowa zanga-zangar lumana a kan albashinmu da aka riƙe. Wasu daga cikinmu sun ce muddin 'yan sanda ba su ba mu izini a rubuce ba, fitowarmu ta saɓa wa doka, kuma duk abin da suka yi mana, duka ne ko barkonon tsohuwa ko harbi, mu muka jawo wa kanmu. Wasu kuma sun ce zanga-zanga 'yancinmu ce, babu wanda ya isa ya gindaya mana sharaɗi. Wanne ne gaskiya? Sannan idan ɓata-gari suka shigo cikinmu suka yi ɓarna, mu da muka kira taron za a kama?"

Ɗan'uwa, na gode da tambaya, Allah ya sa a biya ku haƙƙinku. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku kake son sani: ko izinin 'yan sanda sharaɗi ne kafin a fito, da iyakar ƙarfin da za su iya amfani da shi a kan taron da suke ganin ya karya doka, da kuma wanda alhakin ɓarna zai hau kansa idan an yi ta. Kowane ɓangare na abokan aikinka ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki wani, amma kuskuren ɓangaren farko ya fi haɗari, domin sun cakuɗa tambayoyi biyu waɗanda doka ta raba su sarai. Ko taro ya cika sharuɗɗan doka, wannan tambaya ce guda. Ko ya halatta a daki mutanen da ke cikinsa ko a harbe su, wannan wata tambaya ce dabam mai nata ma'auni, kuma amsar ta farko ba ta yanke ta biyu. Tunda ba ka ambaci ƙasar da kake ba, zan dogara da ƙa'idojin da yawancin ƙasashe suka rattaba wa hannu, ina kawo misalai daga kotunan wurare daban-daban.

Tushen 'yancin da inda ya tsaya

Tushen maganar shi ne sashe na 21 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ta fara aiki a 1976, kuma ƙasashe fiye da 170 suka shiga cikinta. Sashen ya tabbatar da 'yancin yin taro cikin lumana, sannan ya ce ba za a taƙaita shi ba sai bisa doka, kuma sai taƙaitawar ta zama dole a al'ummar da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya, domin tsaron ƙasa, ko kare rayukan jama'a, ko zaman doka da oda, ko lafiya da tarbiyyar al'umma, ko kare haƙƙin wasu. Sashe na 11 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ya faɗi makamancin haka, kuma kundin tsarin mulkin ƙasashe da yawa ya bi sawu: sashe na 40 a Najeriya, na 37 a Kenya, na 17 a Afirka ta Kudu, na 8 a Jamus.

Saboda haka masu cewa babu wanda ya isa ya sa muku sharaɗi ba su yi daidai ba. Sai dai abin da ya kamata ka riƙe shi ne wanda nauyin kawo hujja ke kansa. Kai ba sai ka gamsar da hukuma cewa kana da dalilin fitowa ba, ita ce za ta gamsar da kotu cewa tana da dalilin hana ka. Dole ta nuna dokar da ta dogara da ita, dole dalilinta ya kasance cikin waɗancan da aka lissafa, kuma dole ta nuna cewa babu wata hanya mafi sauƙi da za ta magance damuwarta. Idan canja hanyar da za ku bi ko gyara lokaci zai wadatar, hana taron gaba ɗaya wuce gona da iri ne. Furta kalmar "tsaro" kawai, ba tare da bayanin wace barazana ce kuma daga ina take ba, ba hujja ba ce, ko da yake a aikace ita ce amsar da masu shirya taro suka fi samu.

A 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido kan waccan yarjejeniya ya fitar da sharhi mai lamba 37, wanda ya warware abubuwa da dama da ake taƙaddama a kansu. A cewarsa, ana ɗaukar taro a matsayin na lumana har sai an ga akasin haka, kuma turereniya ko cunkoson motoci ko tsaiko ga harkokin yau da kullum ba su kai a kira su tashin hankali ba. Wannan yana da muhimmanci, domin zanga-zangar da ba ta dami kowa ba da wuya wani ya ji ta. Haka nan dokar da ta hana duk wani taro a gari gaba ɗaya, ko ta tsawon makonni, ana ɗaukarta a matsayin wadda ta yi tsanani tun daga farko. Kuma kuna da haƙƙin tsayawa inda waɗanda kuke kuka da su za su gan ku su ji muryarku. Idan kukanku a kan albashi ne, tura ku wani fili a bayan gari inda ba kowa daidai yake da hana ku magana.

Duk da haka tare hanya yana da iyaka, kuma kotuna ba su yi sassauci a nan ba. A 2015 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ƙasar Lithuania ba ta keta haƙƙin wasu manoma ba da ta hukunta su saboda toshe manyan hanyoyin ƙasar da gangan na kusan kwana biyu. A 2020 kotun ƙolin Indiya, a shari'ar zaman dirshan na unguwar Shaheen Bagh a birnin Delhi, ta ce ba za a mamaye titin jama'a ba tare da ranar tashi ba. Tattakin da ya tsayar da motoci na sa'a biyu yana da kariya mai ƙarfi, amma girke shinge da niyyar a durƙusar da gari har sai an biya buƙata kariyarsa ba ta kai haka ba. Sauran iyakokin a fili suke: ɗaukar makami, da kiran a kai wa wasu hari, da tunzura jama'a a kan wata ƙabila ko addini. Sukar gwamnati, komai zafinta, ba ta cikin waɗannan.

Izini ko sanarwa

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. Izini na nufin ka roƙa, a ba ka ko a hana ka. Sanarwa kuwa na nufin ka shaida wa hukuma ranar da wurin da kimanin yawan mutane, domin ta shirya muku tsaro ta kuma karkatar da motoci. Tsarin izini gado ne na dokokin mulkin mallaka da na soja a ƙasashe da yawa, kuma kotuna sun yi ta rushe shi. A Ghana kotun ƙoli ta soke shi a 1993 a ƙarar da jam'iyyar NPP ta kai Sufeto Janar na 'yan sanda, aka maye gurbinsa da dokar 1994 mai buƙatar sanarwar kwana biyar. A Najeriya, bayan an tarwatsa wani gangamin jam'iyyar ANPP a 2003 bisa hujjar rashin izini, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2007 cewa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta ɗora musu nauyin ba da tsaro ga taron da aka sanar da su. A Ingila ana ba da sanarwar kwana shida kafin tattaki, a Jamus kuwa sa'o'i 48 kafin a tallata taron ga jama'a.

To, idan ba a ba da sanarwar ba fa? Sharhi na 37 ya ce rashin sanarwa shi kaɗai ba ya mayar da halartar taro laifi, kuma ba ya zama hujjar tarwatsa shi ko kama mutane. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta bi wannan ra'ayi a 2018 a shari'ar Mlungwana, inda ta soke sashen da ya mayar da kiran taron fiye da mutum 15 ba tare da sanarwa ba laifin da ake hukunta mutum a kansa. Tun a 1985 kotun tsarin mulkin Jamus, a shari'ar Brokdorf, ta ce taron da ya taso nan take saboda wani abu da ya faru ba za a buƙaci sanarwa daga gare shi ba, tunda babu lokacin ba da ita.

Amma kada wannan ya ruɗe ka. Har yanzu akwai ƙasashen da dokarsu ta cikin gida ke buƙatar izini, akwai kuma inda kotu ta soke sharaɗin amma jami'an da ke bakin titi ke aiki kamar yana nan. Ɗan sandan da ke gabanka umarnin maigidansa yake bi, ba ya ɗauke da hukuncin kotu a aljihu. Shi ya sa a kullum nake ba ƙungiyoyin da suka nemi shawarata umarni guda: su rubuta takardar sanarwa, su kai ta da hannu, su sa a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinsu. Su kuma lura da lafazin takardar, su rubuta "muna sanar da ku" maimakon "muna neman izini", domin wanda ya nemi izini ya amince da kansa cewa ana iya hana shi. Na sha ganin wannan kwafi mai hatimi, wanda ya lanƙwashe a aljihun sakataren ƙungiya, ya rushe tuhumar haramtaccen taro a gaban alƙali, saboda mai gabatar da ƙara ya kasa bayyana dalilin da ya sa hukumar da ta karɓi takarda ta buga mata hatimi ba ta ce uffan ba sai ranar taron.

Ƙarfin da doka ta yarda da shi

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wato maganar cewa duk abin da aka yi muku ku kuka jawo. Wannan magana ba ta da tushe a doka, kuma yawan maimaita ta ne ya sa iyalai da dama ke binne 'ya'yansu su yi shiru, suna ganin ba su da bakin magana tunda yaron ya fita ba da izini ba. Ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Havana a 1990 sun yi magana kai tsaye a kan taron da ya saɓa wa doka amma ba a tashin hankali a cikinsa: jami'ai su guji amfani da ƙarfi, idan kuma hakan ya gagara, su tsaya ga mafi ƙarancin abin da ya zama dole. Ka lura, ƙa'idar ta riga ta ɗauka cewa taron haramtacce ne, duk da haka ba ta sakar wa jami'ai mara ba.

Game da bindiga kuwa ƙa'idar ta fi tsauri. Ba a amfani da ita sai don kare kai ko kare wani daga barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gab da faruwa, kuma harbi da niyyar kisa bai halatta ba sai idan babu wata hanyar ceton rai. Ma'anar wannan ita ce harsashi mai rai ana nufin mutum guda da shi, wanda a wannan lokacin yake ƙoƙarin kashe wani. Ba a tarwatsa taro da shi, ba a kare gini ko mota da shi, ba a harbin mai gudu don ya ƙi tsayawa, kuma harbin kan mai uwa da wabi cikin jama'a haramun ne a kowane hali. Ƙa'idojin sun ƙara da cewa rikicin siyasa ko dokar ta-ɓaci ba sa zama uzurin kauce musu, cewa jami'in da ya san umarnin da aka ba shi haramtacce ne ƙarara ba zai fake da cewa umarni ya bi ba, kuma shugaban da ya sani ko ya kamata ya sani amma bai hana ba shi ma yana da alhaki. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta fitar da nata ƙa'idojin a 2017 a kan wannan turba.

Waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne bayan jini ya zuba. A garin Sharpeville na Afirka ta Kudu a ranar 21 ga Maris 1960 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata sun kashe mutum 69, da yawansu an harbe su ta baya suna gudu. A garin Derry na Ireland ta Arewa sojojin Birtaniya sun kashe mutum 13 a rana guda a watan Janairun 1972, kuma sai a 2010 binciken da alƙali Saville ya jagoranta ya wanke waɗanda aka kashe, Firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya nemi gafara. A Marikana da ke Afirka ta Kudu a ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sanda sun harbe masu haƙar ma'adinai 34 da ke yajin aiki a kan albashi. A 2024 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Najeriya da laifin keta haƙƙin wasu masu zanga-zangar da suka kai ƙara a kan harbin da sojoji suka yi a wurin zanga-zanga a Lekki da ke Legas a ranar 20 ga Oktoba 2020. Abin da ya faru a Derry na daga cikin dalilan da suka sa ake cewa kada a tura soja kula da taron farar hula, domin horon soja na fuskantar abokin gaba ne.

Kayan da ake cewa ba sa kisa su ma suna da ƙa'ida, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Barkonon tsohuwa ba ya bambance mai laifi da mara laifi, yana kama tsoho da jariri da mai ciwon asma, saboda haka ba a jefa shi sai tashin hankali ya yaɗu, bayan an yi gargaɗin da jama'a suka ji, kuma an bar musu hanyar fita. Jefa shi a rufaffen wuri, ko a lungun da jami'ai suka tare bakinsa, yana haddasa turmutsutsun da kan kashe fiye da hayaƙin kansa. Gwangwanin ƙarfe ne, idan aka saita shi kai tsaye a kan mutum zai iya fasa masa kai. Harsashin roba kuwa, bisa jagorar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020, ana saita shi ne a ƙafafu ko ƙasan ciki na mutumin da ke kai hari, kuma abin da ya faru a Chile a 2019, inda ɗaruruwan mutane suka samu raunin ido, ya nuna sakamakon watsi da wannan. Kulki a kan wanda ya riga ya faɗi ko aka riga aka kama shi azabtarwa ce. Wanda ya ji rauni kuma wajibi ne a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, ko da shi ne ya fara jifa.

Adalci ya buƙaci in faɗi cewa ɗan sandan da ke tsaye a gaban dubban mutane masu fushi shi ma ɗan Adam ne mai tsoro, sau da yawa ba shi da garkuwa ko hular kwano, abin da ke hannunsa bindiga ce kawai. A ganina mafi yawan kisan da ake yi a wurin zanga-zanga a ofis ake fara shi, lokacin da aka yanke shawarar tura jami'ai da bindigogin yaƙi ba tare da kayan kariya ko wanda zai tattauna da shugabannin taro ba. Shi ya sa doka ke bin sawun alhaki har zuwa kan mai ba da umarni.

Idan ɓata-gari suka shigo

Ƙa'idar ita ce kowa da laifinsa. Idan mutum goma cikin dubu suka fasa shago, aikin 'yan sanda shi ne su zare waɗannan goma su bar sauran su ci gaba, domin ɓarnar 'yan tsiraru ba ta cire wa masu lumana kariyarsu, kuma haka kotun Jamus ta faɗa a shari'ar Brokdorf. Idan 'yan daba ne aka turo su far muku, ko masu adawa da ra'ayinku, nauyin kare ku yana kan hukuma, kuma ba daidai ba ne ta tarwatsa ku don wasu sun yi barazanar kai muku hari. A aikace dai an fi yi wa mutane kuɗin goro. Takardar tuhumar da na fi gani ita ce mai ɗauke da dogon jerin sunaye a ƙarƙashin jimla guda, cewa sun haɗa baki sun ta da tarzoma. Tambayar da nake yi wa jami'in da ya zo ba da shaida ba ta da wuya: wannan na uku a jere, me ka ga ya yi da hannunsa, a ina yake tsaye, da ƙarfe nawa? Sau da yawa amsar ita ce an same shi a wurin, alhali samun mutum a wurin taro ba laifi ba ne.

Ku masu kiran taro ba za a tuhume ku da laifin wani ba sai idan kun umarta ko kun tunzura. Sai dai a ɓangaren diyya akwai ƙasashen da suka fi tsauri. A 2012 kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta tabbatar, a ƙarar da ta shafi ƙungiyar ma'aikata ta SATAWU, cewa ana iya neman diyyar ɓarna daga ƙungiyar da ta shirya taro, sai fa idan ta nuna cewa ɓarnar ba irin wadda za a iya hangowa ba ce, kuma ta ɗauki duk matakin da ya dace don hana ta. Don haka ku naɗa masu kula da tsari da riguna masu alama, ku sanar a fili cewa ba a zuwa da sanda ko wani makami, ku ayyana lokacin tashi ku kuma tashi a kansa tun da sauran rana, ku ware mutum guda da zai riƙa magana da shugaban jami'an da aka turo. Ku ɗauki hoto da bidiyo, domin ɗaukar hoton jami'i a bakin aikinsa a fili haƙƙi ne ga ɗan jarida da wanda ba ɗan jarida ba, kuma ku tura su wani wuri nan take, saboda waya ce abin da ake fara ƙwacewa. Kowa ya haddace lambar lauya. Wanda aka kama kada ya yi gardama da jiki, ya tambayi dalilin kama shi, kuma kada ya sa hannu a kan bayanin da bai karanta ba.

Abin da na bayyana ma'auni ne na gaba ɗaya, kuma bai maye gurbin zama da lauyan da ke aiki a ƙasarku ba, domin tsawon wa'adin sanarwa, da wuraren da aka keɓe kamar harabar majalisa ko kotu, da tasirin dokar hana fita ko umarnin kotu a kan wani taro na musamman, duk sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Tunda rikicinku na albashi ne, ku sa lauyan ya duba dokar ƙwadago ma, saboda yajin aiki da tsayawa a ƙofar ma'aikata suna da nasu sharuɗɗan dabam da na tattaki a titi. Idan kuma aka ji wa wani rauni, a nemi rahoton likita a ranar, a rubuta sunayen shaidu tun ba su watse ba, a kuma hanzarta shigar da ƙara, domin a wasu ƙasashe wa'adin kai jami'in gwamnati kotu 'yan watanni ne kawai.